Yadda mai juna biyu za ta yi idan an ce tana da suga amma zuciyarta ba ta yarda ba

"Ni fa lafiyata ƙalau. Ba na shan zaƙi, a danginmu kaf babu mai suga, kuma haihuwata huɗu a ɗakina ba a taɓa cewa komai ba." Wannan ita ce maganar da ake yawan ji a layin awo, daga Ɗanbatta har Birnin Kudu, idan malamar asibiti ta miƙo takarda ta ce an ga suga. Mai wannan magana ba taurin kai take yi ba. Yawancin masu sugan ciki ba sa jin komai a jikinsu, 'yan alamomin da ake ji kuwa, irin su yawan fitsari da ƙishirwa da kasala, kowace mai ciki ma tana fama da su. Don haka shakka tana da gurbi. Akwai ma lokutan da gwajin ne aka yi shi ba daidai ba. Abin da ba shi da gurbi shi ne ki ninke takardar ki cusa ƙarƙashin katifa, ki daina zuwa awo. Shakka irin wannan da lamba ake warware ta, kuma lambobin kina iya samo su da hannunki.

Kafin matakan, ga abin da ke faruwa a jiki. Duk tuwo da shinkafa da kunun da kika ci, hanji yana mayar da su suga ya zuba a jini. Wani sinadari da jiki ke yi mai suna insulin shi ke kwashe wannan sugan ya kai shi inda za a yi amfani da shi. Idan ciki ya wuce rabi, mabiyiya tana fitar da wasu sinadarai da ke dakushe ƙarfin insulin, domin abinci ya riƙa isa ga jariri. Jikin yawancin mata yana ƙara yawan insulin ya cike giɓin. Na wasu ba ya iyawa, sai suga ya taru. Ke nan ba sai kin kasance mai shan rake da mazarƙwaila ba, kuma ba sai kina da ƙiba ba, duk da cewa ƙiba, da shekaru sama da 35, da suga a dangi, da taɓa haihuwar ƙaton jariri suna ƙara yiwuwar abin. Ƙididdigar Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta shekarar 2021 ta nuna kusan haihuwa 1 cikin 6 a duniya ana yin ta ne da hawan suga lokacin goyon ciki. Ba ke kaɗai ba ce a layin.

Mataki na farko: ki gano wane gwaji aka yi miki

Nan ne gaba ɗaya maganar take, kuma nan ne mata suka fi jin nauyin tambaya. Ki koma da katinki ki ce, "Malama, don Allah wane irin gwaji ne ya nuna sugan, kuma nawa ya nuna?" Haƙƙinki ne, ba rashin kunya ba ne.

Idan fitsari ne kawai aka tsoma wa tsinke ya canza launi, to ba a gama magana ba. Ƙodar mai ciki tana saurin zubar da suga a fitsari ko da na jini bai hau ba. Suga a fitsari dalili ne na a yi gwajin jini, ba hukunci ba ne. Haka nan zancen kiyashi ya bi fitsari: bin sa ba ya tabbatar da ciwon, rashin bin sa kuma ba ya wanke ki.

Idan yatsa aka huda miki da rana tsaka bayan kin karya da koko da ƙosai a ƙofar asibiti, wanda a takarda ake rubuta RBS, shi ma haske ne kawai. Amma in lambar ta kai 200 ko ta wuce, kada ki ɗauke ta da wasa ko da kin ci abinci, a bi ta da gwaji na gaba a wannan satin.

Gwajin da ake dogara da shi shi ne na shan ruwan gulukos (wani nau'in suga), wanda ake rubuta OGTT, kuma an fi yin sa tsakanin sati 24 da 28, wato daga wata na shida zuwa shiga na bakwai. Za ki kwana ba ki ci komai ba na aƙalla awa 8, ruwa kaɗai. Da safe a ɗebi jini a jijiyar hannu, a ba ki gulukos giram 75 a narke a kofin ruwa ki shanye cikin minti 5, ki zauna, a sake ɗiba bayan awa 1, a kuma ɗiba bayan awa 2. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013 ya ce akwai sugan ciki idan jinin farko ya kai 92, ko na awa ɗaya ya kai 180, ko na awa biyu ya kai 153. Ɗaya daga cikin ukun ma ya isa. Idan kuwa na farkon ya kai 126, ko na awa biyu ya kai 200, wannan ya wuce sugan ciki, ana ɗaukarsa cikakken ciwon suga ne wanda wataƙila yana nan tun kafin cikin, kuma ba a jinkiri da shi.

Ki lura, lambobi iri biyu ne ke yawo a takardun asibiti. Wasu suna rubuta mg/dL, su ne manyan lambobin da na kawo. Wasu suna rubuta mmol/L, a nan 92 ya zama 5.1, 180 ya zama 10.0, 153 ya zama 8.5. Ƙaramar lambar ake ninkawa sau 18 a sami babbar. Mace ta ga 5.4 a takardarta, maƙwabciyarta ta ga 97 a tata, su zauna suna musun wa ta fi wata ciwo, alhali abu ɗaya aka rubuta musu.

Wani abin da ke ƙara wa mata shakka shi ne a ce a wannan asibitin akwai, a wancan a ce babu. Ba lallai wani ya yi ƙarya ba. Ƙasashe ba su haɗu a kan layi ɗaya ba: a Ingila, misali, sai na safe ya kai 5.6 ko na awa biyu ya kai 7.8. Layin Hukumar Lafiya ta Duniya ya samo asali ne daga wani babban bincike da ake kira HAPO, wanda aka wallafa a 2008 bayan bin mata fiye da 23,000 a ƙasashe 9. Abin da ya nuna shi ne babu wata katanga da suga ke tsallakewa ya zama haɗari farat ɗaya. Duk ɗan hawan da ya yi, yiwuwar ƙaton jariri da haihuwa ta tiyata suna ɗan ƙaruwa. Masana ne suka zauna suka ja layi a inda suka ga ya dace. Wadda ta tsallake layin da lamba ɗaya tak matsalarta ƙarama ce, amma akwai ta.

Mataki na biyu: ki tuna yadda ranar gwajin ta kasance

Akwai dalilan da za su sa ki nemi a sake, kuma malamar da ta san aikinta ba za ta ƙi ba. Kin sha shayi ko kin tauna dabino da asuba kina ganin ba abinci ba ne? Kina cikin zazzaɓi a ranar? An yi miki allurar nan ta ƙarfafa huhun jariri a kwanakin, wadda takan tayar da suga na 'yan kwanaki? Kin yi amai bayan shan ruwan gulukos ɗin? Ko kin shafe kwanaki kafin gwajin kina ƙaurace wa tuwo da shinkafa don a ga sakamako mai kyau? Wannan dabarar ta ƙarshe akasin abin da ake so take haifarwa, domin jikin da ya kwana biyu bai ga hatsi ba ya fi rikicewa idan aka zuba masa gulukos lokaci guda. Kwana 3 kafin gwaji ki ci abincinki yadda kika saba.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ra'ayina shi ne kada ki ɓata kuɗin mota kina zagaye asibitoci neman wanda zai ce babu. Sakamakon wannan gwaji yakan ɗan bambanta daga rana zuwa rana, kuma na biyu mai kyau ba ya goge na farko. Kuskuren da ya fi faruwa a karkara ma akasin wanda kike zato ne: jinin da aka ɗiba ya daɗe a ajiye cikin zafi kafin a auna, ƙwayoyin jinin suna ci gaba da cinye sugan da ke ciki, sai lamba ta fito ƙasa da gaskiya. Wato an fi samun mai suga a ce ba ta da shi, a kan marar shi a ce tana da shi.

Inda ƙaramin asibitin garinku ba ya yin wannan gwajin, ki nemi takardar turawa zuwa babban asibitin ƙaramar hukuma, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano a birnin Kano. Ki yi sammako, ki riƙe abin karyawa a jaka don bayan an gama. Wasu wuraren za su ba ki shawarar gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na watannin baya, saboda ba ya buƙatar kwana da yunwa. Ba shi ne na gano sugan ciki ba, kuma ƙarancin jini da jinin sikila suna karkatar da shi.

Mataki na uku: na'ura, tsinke, da littafi

Ko kin yarda ko ba ki yarda ba, awon gida na sati biyu shi zai nuna miki gaskiyar jikinki. Ana samun na'urar gwajin suga a manyan kemis, irin su Accu-Chek da On Call Plus. Kafin maigida ya biya kuɗi ya tambayi abu ɗaya: tsinken wannan na'urar ana samunsa a garin da ya fi kusa da mu? Kowace na'ura da tsinkenta, na wata ba ya shiga wata, kuma kuɗin tsinke ne ke cin aljihu, ba na na'urar ba. Gwangwani mai 50 kwana 12 zai yi miki in kina awo sau 4 a rana. A duba ranar lalacewa a jikin gwangwanin tun a gaban mai kemis.

Zafi abokin gabar tsinke ne. Yawancinsu an rubuta kada a ajiye su a wurin da ya wuce digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu ɗakin kwano yana wuce 40. Kada ki bar gwangwanin a taga ko kusa da murhu. Ki sa shi a leda ki ɗaure, ki ajiye a ƙasa gefen randa inda ke da sanyi amma ba jiƙa. Duk lokacin da kika zaro ɗaya ki rufe murfin nan take, musamman da damina da lokacin ƙurar hunturu.

Ga yadda ake yi. Ki wanke hannu da sabulu, ki goge ya bushe ƙarau. Wannan ba tsafta ce kawai ba: yatsan da ya taɓa mangwaro ko ya dama fura zai iya ba ki lambar da za ta tayar miki da hankali a banza, jiƙaƙƙen yatsa kuma ya tsinka jinin lamba ta faɗi. Ki zura tsinken a na'ura ki jira alamar ɗigon jini ta fito a fuskarta. Ki saki hannun ƙasa ki ɗan girgiza shi jini ya sauko. Ki huda gefen kan yatsa, ba tsakiyarsa ba, gefen ya fi sauƙin zafi. Wadda hannunta ya yi kanta saboda daka da surfe ta ƙara lambar zurfin allurar, ko ta zaɓi ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Kada ki matse kan yatsan da ƙarfi, ki shafo shi a hankali daga gindi zuwa sama har ɗigo ya taru kamar ƙwayar gero. Ki kai bakin tsinken ya taɓa ɗigon, shi zai zuƙa da kansa. Cikin 'yan daƙiƙu lamba za ta fito. Ki rubuta ta kafin ki tashi daga wurin.

Allurar hudawa taki ce ke kaɗai. Na san yadda gidan yawa yake: da an ji akwai na'ura, Inna za ta ce a auna ta, kishiya da facala ma haka, har maƙwabta. A auna su in akwai halin tsinke, amma kowa da sabuwar allura, kuma abin harba allurar ma bai kamata a yi tarayya da shi ba, domin ciwon hanta da ƙanjamau ta jini suke bi. Wadda aka gama da ita a jefa a gwangwani mai murfi inda yara ba za su kai ba.

Sau huɗu ake so a rana: da kin tashi sallar asuba kafin komai ya shiga bakinki, sannan bayan karin kumallo, bayan abincin rana, da bayan na dare. Na bayan abinci ki tsayar da lokaci ɗaya, ko awa 1 ko awa 2, kuma daga lomar farko ake fara lissafi, ba daga wanke hannu ba. Ki saita ƙararrawar waya. Abin da ake nema: na asuba ƙasa da 95, na awa ɗaya ƙasa da 140, na awa biyu ƙasa da 120. A ƙaramin ma'auni 5.3 da 7.8 da 6.7 ke nan. In likitanki ya ba ki wasu lambobin, nasa za ki bi.

Idan tsinke ya yi ƙaranci, kada ki auna sau huɗu yau ki huta kwana biyar. Ki riƙa yin na asuba kullum, ki haɗa da na abinci ɗaya kina juyawa: yau karin kumallo, gobe na rana, jibi na dare.

Littafin kuwa na 'yan makaranta mai shafi 20 ya isa. Kwanan wata, lokaci, lamba, da abin da kika ci, da yawansa. Ga misalin yadda layi zai kasance: "Talata, asuba 91. Koko kofi biyu da suga, ƙosai uku, bayan awa ɗaya 162. Rana shinkafa da wake da salak, 131. Dare tuwon dawa malmala ɗaya da miyar kuka, 128." Wadda ba ta rubutun boko ta rubuta da ajami, ko ɗanta ɗan firamare ya rubuta mata, lambobin dai su fito daidai. Kuma kada ki gyara lamba don kunyar malama. Littafin da aka yi wa kwalliya jaririnki yake cuta.

Mataki na huɗu: kwanakin farko ki ci yadda kika saba, ko ki san abin da kike aunawa

Nan akwai tarkon da ke kama masu shakka da yawa. An ce miki kina da suga, kin tsorata, kin daina shan lemo da koko mai suga, kin rage tuwo. Sai kika auna kika ga 88, 120, 115. Sai ki ce, "Kun gani ko? Dama na faɗa ƙarya ne." A'a. Abin da lambobin suka nuna shi ne gyaran abincin yana aiki. Gwajin asibiti kaya ne aka ɗora wa jiki don a ga ko zai ɗauka, kamar jakin da ba a gane ɗingishinsa sai an aza masa mangala. Kin sauke kayan, dole ya yi tafiya daidai.

In kina son ki gamsar da kanki, ki yi kwana 3 zuwa 4 kina cin abincin gidanku na yau da kullum, ban da lemon kwalba da kayan zaƙi, kina aunawa. Idan duk lambobin suna ƙasa da layi, ki kai littafin ki nuna. Mai yiwuwa a rage miki yawan awo. Amma kada a daina gaba ɗaya, saboda mabiyiya tana ƙara girma, kuma sugan da ya kwanta a sati 27 yana iya tashi a sati 33. Ki kuma sani na'urar gida ba ma'aunin zinare ba ce: an yarda ta kauce da kusan kashi 15 cikin ɗari, ga shi ƙarancin jini, wanda ya yi yawa a matanmu, yana sa wasu na'urorin su nuna sama da gaskiya. Shi ya sa ba a yanke hukunci da lamba ɗaya. In kin ga wadda ta ba ki mamaki, ki sake wanke hannu ki maimaita. Abin dubawa shi ne wadda ke dawowa a lokaci ɗaya kwana bayan kwana.

Mataki na biyar: gyaran kwano

Kada ki yi wa kanki horon yunwa. Jariri yana buƙatar hatsi, kuma uwar da ta daina ci ta jawo wata matsalar. Abin da ake so shi ne a rage yawan na lokaci ɗaya, a rarraba shi: manya uku, ƙanana biyu ko uku a tsakani.

Da safe jikin mai ciki ya fi gazawa da suga, kuma da safen ne muka fi shan abin da ya fi saurin tayar da shi. Koko da kunun da aka tace aka zuba wa suga, da shayi mai kauri da burodi, su ne suka fi fitowa da manyan lambobi a littafin yawancin mata. Ki gwada alala, ko ƙosai da ƙaramin kofin koko marar suga, ko dafaffen ƙwai, ko ɗumamen tuwo kaɗan da miya mai yawa. Na'urar za ta gaya miki wanda jikinki ya karɓa.

Tuwo malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunki, miya kuwa a cika: kuka, kuɓewa, taushe, zogale, alayyafo, yakuwa. Dawa da geron da ba a surfe su fes ba sun fi farar shinkafa da tuwon masarar da aka cire wa dusa. In shinkafa ce ki sa wake ya kusa rinjayarta. Kwaɗon zogale da na rama da ƙuli-ƙuli, gyaɗa, awara, kifi, nono marar suga, duk abokan tafiyarki ne, kuma babu wanda sai an je birni. Fura hatsi ce, a sha rabin dunƙule da nono mai yawa, ba a kan tuwo ba, a tsakanin abinci. Zuma da mazarƙwaila da rake suga ne, ko da an ce na gargajiya ne. Zoɓo a sha ba suga, kuma ba da yawa ba. Mangwaro da kankana da dabino kaɗan-kaɗan. Akwai kuma zancen da ya bazu cewa alkama abincin masu suga ce, har maigida ya ciyo bashi ya sayo. Tuwon alkama malmala uku zai tayar da suga kamar kowane tuwo.

Bayan kowane abinci ki yi tafiyar minti 10 zuwa 15. Ba sai kin fita ba, zagayen tsakar gida ko shara a hankali ya wadatar. Ki gwada rana ɗaya da tafiya, rana ɗaya babu, a kan abinci iri ɗaya, ki ga bambancin da idonki.

A gidan da tukunya ɗaya ce, wannan gyara ba ya yiwuwa sai da goyon bayan maigida da uwar miji. Ki nuna musu littafin. "Inna, ba raina girkin gida nake ba, likita ne ya ce in jaririn ya yi girma da yawa haihuwar za ta zo da gardama." Wannan harshen tsofaffi suna jin sa, don sun ga doguwar naƙuda sun san abin da take bari. Maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a awo ki ci gaba da sha. Jiƙe-jiƙen shuwaka da darbejiya da garin maganin suga na masu lasifika a kasuwa ki bar su, babu wanda ya auna abin da suke yi wa ɗan da ke ciki. Azumi kuma, na Ramadan ko na nafila, ki tambayi likita kafin ki ɗauka. Shari'a ta yi wa mai ciki rangwame, malamin garinku zai yi miki bayanin ramuwa, kuma wadda ke kan allurar insulin haɗarin a gare ta babba ne.

Mataki na shida: lokacin komawa asibiti

Bayan sati ɗaya zuwa biyu ki kai littafin. Mafi yawan mata, kusan 7 zuwa 8 cikin 10, abinci da motsa jiki sun ishe su. In lambobi sun ƙi sauka, musamman na asuba wanda abinci bai cika iya masa ba, za a ba ki ƙwayar metfomin ko allurar insulin. Ba gazawarki ba ce, kuma ba a zama bawan allurar: yawanci ranar haihuwa ake dainawa. Rashin firji ba hujjar ƙin ta ba ne. Kwalbar da aka fara amfani da ita tana yin kusan sati 4 in ba ta sha zafi ba. A sa ta a leda a ɗaure, a ajiye cikin tukunya biyu, ƙarama a cikin babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa. Dabarar nan ce marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa don adana kayan miya, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Wadda ke kan magani ta san alamar faɗuwar suga: rawar jiki, gumi, jiri, yunwa mai tsanani, bugun zuciya. Ki auna, in ƙasa da 70 ne ki sha suga cokali ɗaya babba a ruwa ko rabin kofin lemo, ki sake aunawa bayan minti 15, sannan ki ci abinci. Mutanen gida su ma su san wannan.

Akwai abubuwan da ba a jiran ranar awo: lamba ta kai 200 kuma ta maimaita bayan wanke hannu, na asuba ya kai 126, amai ya hana ki riƙe abinci, motsin jariri ya ragu, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, zubar jini ko ruwa. Sugan ciki da hawan jini sukan zo tare, hawan jinin kuma shi ke kai wa ga jijjiga, don haka duk zuwa a auna miki jini.

Mataki na bakwai: haihuwa da bayanta

Wannan haihuwar a asibiti za a yi ta, ko da sauran duk a ɗaki kika yi. Sugan da ya yi yawa a jininki yana ratsawa zuwa ga jariri, ya yi ƙiba musamman a kafaɗu, wani ya wuce kilo 4. Kai ya fito kafaɗa ta maƙale, wannan ba aikin ungozomar gida ba ne, kuma doguwar naƙuda ita ce ke kai mata sashen masu yoyon fitsari a Jahun. Tun ciki na wata takwas a yi magana da mai mota, a karɓi lambarsa, a ware kuɗin mai. A yi hoton ciki a ga girman yaron da yawan ruwa, likita ya faɗi lokacin da ba za a bari cikin ya wuce ba.

Jaririn da ya saba da suga mai yawa a ciki, da an yanke cibi sugan jininsa yana iya faɗuwa. A sa shi a nono cikin awar farko, a ci gaba duk bayan awa 2 zuwa 3. Dakashin nan da wasu ke matsewa su zubar shi ne maganinsa, kada a musanya shi da ruwan dabino ko na zamzam. Ki roƙa a auna sugansa kafin a sallame ku, kuma in ya cika barci, ya ƙi kama nono, ko jikinsa na karkarwa, a gaya wa nas nan take.

Ke kuma, da mabiyiya ta fita yawanci suga yana komawa daidai. Kunun jego a rage masa suga, kanwar ma a sassauta. Tsakanin sati 6 da 12 bayan haihuwa, wato da an yi arba'in, ki koma a sake gwajin jini don a tabbatar ya tafi. Ki haɗa shi da ranar rigakafin yaro ta sati 6 ko ta sati 10 don kada kuɗin mota ya zama biyu. Daga nan ki riƙa aunawa shekara-shekara, domin wadda ta yi sugan ciki ta fi sauran mata yiwuwar kamuwa da cikakken ciwon suga nan gaba. In wani cikin ya samu, ki faɗa wa malama tun zuwan farko, ki tafi da tsohon littafinki, a yi miki gwajin da wuri ba sai an jira wata na shida ba.